Canza aikin madannan kwamfuta: a kibod, a tsarin kwamfuta, ko a cikin manhaja?

Wanda ya so canza aikin wani madanni a kwamfutarsa, tambayar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce wace manhaja zai sauke. A ganina tambayar ta yi gaba da yawa. Akwai wadda ta kamata ta riga ta: a ina kake so canjin ya zauna? Idan aka amsa wannan, zaɓin kayan aiki yakan zo da kansa, kuma sau da yawa sai a tarar ba a ma buƙatar sauke komai.

Dalili shi ne, kibod ba ya aika harafi zuwa kwamfuta. Lamba yake aikawa, wadda ke cewa an danna madanni kaza, an sake shi. Wata ƙaramar manhaja da ke zaune cikin kibod ɗin ce ke fitar da lambar. Daga nan sai Windows ko macOS ko Linux ya karɓa, ya duba tsarin haruffan da aka zaɓa, ya fassara ta. A hanya kuma wata manhaja mai aiki a ɓoye tana iya tare saƙon ta musanya shi. A ƙarshe sai ya isa ga manhajar da ke gabanka, Word ce ko Excel ko burauza, ita ma tana da nata ra'ayin kan ma'anar madannin. Kamar ruwan famfo ne: wanda ya yi gyara a babban bututu ya taɓa gidan duka, wanda ya yi a bakin famfo ɗaya kuwa ɗaki ɗaya kawai ya shafa. Kowane mataki yana da abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma yawancin wahalar da mutane ke sha a wannan harka daga neman gyara a matakin da bai dace ba take tasowa.

Bari mu fara da layin sama, F1 zuwa F12, tunda nan ne ƙorafi ya fi yawa. Kwamfutar IBM ta 1981 madannan F goma gare ta, jere biyu a gefen hagu. A tsakiyar shekarun 1980 ne kibod mai madannai 101 ya mayar da su sama ya kai su goma sha biyu, tsarin da muke gani har yau. Shekaru da dama manhajoji sun gina ɗabi'unsu a kansu: F2 sake sunan fayil ko shiga cikin akwati a Excel, F4 a Excel ya sa alamar dala ya mayar da A1 zuwa $A$1, F5 sabunta shafi, F7 duba kuskuren rubutu a Word, F11 cika allo, F12 adana fayil da sabon suna a Word, Shift da F3 juya rubutu tsakanin manya da ƙananan baƙaƙe, Alt da F4 rufe taga. Sai masu ƙera laftof suka ga cewa yawancin masu saye sun fi bukatar ƙara murya da rage hasken allo, suka ɗora waɗannan ayyuka a kan layin, suka mayar da F na asali bayan madannin Fn. Shi ya sa mutum zai danna F2 don ya gyara lissafi, sai ya ga murya ta ragu.

Nan ne kuskure na farko yake faruwa. Mutum ya sauke manhajar sauya madannai don ya gyara Fn, ya danna Fn ɗin, manhajar ta yi shiru kamar ba a taɓa komai ba. Ba lalacewa ta yi ba. A yawancin laftof masu Windows, Fn ba ya isa ga Windows sam. A cikin na'urar ake gama da shi, abin da ke fitowa waje shi ne sakamakon haɗin kawai. Don haka maganin yana ƙasa, kusa da ƙarfen. A laftof da yawa na Lenovo, Dell da ASUS, danna Fn tare da Esc yana kulle layin a kan F na asali, a sake dannawa ya koma; wasu har da ɗan fitila a kan Esc da ke nuna halin da ake ciki. A na HP da yawa sai an shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ke gaban tashin Windows, lokacin kunnawa, galibi da F10, a kashe abin da suka kira Action Keys Mode. Masu ThinkPad da ke jin haushin zaman Fn a kusurwar hagu inda yatsa ke neman Ctrl, su ma a BIOS ake musanya su biyun. A Mac kuwa abin yana cikin System Settings, ƙarƙashin Keyboard, sai Keyboard Shortcuts, sai Function Keys, inda za ka kunna zaɓin amfani da F1, F2 da sauransu a matsayin madannan asali. Apple ta taɓa cire layin gaba ɗaya a 2016 ta sa Touch Bar, wani siririn allon taɓawa, a madadinsa a wasu MacBook Pro, sannan a 2021 ta dawo da madannan gaske a sabbin samfura.

Wanne ya fi, F na asali ko murya da haske? Ka duba aikinka. Mai zama a Excel ko mai rubuta manhaja, wanda ke danna F2 da F4 da F5 ba adadi a yini, ya kulle layin a kan F, ya riƙa haɗawa da Fn in zai rage murya. Wanda aikinsa karatu ne da kallo da taro ta intanet, ya bar shi yadda ya zo. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Mataki na gaba da nake so a duba kafin kowace manhaja ta waje shi ne saitin da ke cikin manhajar da kake aiki da ita. Wannan hanya ita ce mafi aminci, kuma ita aka fi rainawa. A Word na Windows, ka shiga File, Options, Customize Ribbon, can ƙasa akwai maɓallin Customize na gajerun hanyoyi. Kusan kowane umarni na Word yana cikin jerin, har waɗanda ba su da mazauni a fuskar manhajar. Abin da na fi so a wurin shi ne, da ka danna haɗin da kake so, zai nuna maka ko wani umarni ya riga ya riƙe shi, kafin ka ƙwace. Photoshop yana da nasa a ƙarƙashin Edit, VS Code, abin aikin masu rubuta manhaja, yana buɗe nasa da Ctrl da K sannan Ctrl da S, kuma yana ajiye komai a fayil ɗin keybindings.json da za ka iya kwafa zuwa wata kwamfutar. Excel na Windows ne ya fita daban, ba shi da irin wannan shafi. Amma akwai dabara: duk umarnin da ka ɗora a Quick Access Toolbar yana samun lamba, na farko Alt da 1, na biyu Alt da 2, haka har gaba.

Mac ya yi wa Windows fintinkau a wannan fanni. A sashen App Shortcuts kana iya ba kowane umarni da ke cikin jerin menu na kowace manhaja haɗin madannai, ko da masu manhajar ba su tanadi hakan ba. Sharaɗi ɗaya ne: sai ka rubuta sunan umarnin daidai yadda yake a menu, har da ɗigo ukun da ke bin wasu sunaye. Harafi ɗaya ya kuskure, ba zai yi aiki ba, kuma ba zai gaya maka dalili ba. Linux mai fuskar GNOME ko KDE shi ma yana ba ka damar ɗaura kowane umarni a kan haɗin da ka ga dama daga cikin saitinsa. Windows abin da ya bayar kaɗan ne: madannin Windows tare da lamba yana buɗe manhajojin da ka liƙa a sandar ƙasa bi da bi, sannan a Properties na gajeriyar hanyar manhaja akwai gurbin Shortcut key mai ba da Ctrl da Alt da harafi, muddin gajeriyar hanyar tana kan fuskar kwamfuta ko cikin Start.

Ribar wannan mataki a bayyane take. Ba abin da ke gudana a ɓoye, ba a bukatar izinin mai kula da kwamfuta, kuma manhajar ta san abin da take yi, ba kwaikwayon danna madanni take yi ba. Raunin shi ne iyaka. Abin da ka saita a Word ya tsaya a Word. Wanda ke rubuta Hausa ya san wannan da kyau: zai iya shiga Insert, Symbol, ya ba ƙ da ɗ da ɓ da ƴ haɗin madannai, ko ya rubuta 0199 ya danna Alt da X ya ga ƙ ta fito, amma da ya koma burauza don rubuta saƙo, duk wannan ya zama babu.

To, idan bukatar ta ƙetare manhaja ɗaya, a Windows hanyoyi uku ne a gabanka, kuma bambancinsu ya fi yadda ake zato.

Ta farko ita ce rajistar Windows, wato ma'ajiyar da Windows ke adana saitunansa. Akwai wata ƙima mai suna Scancode Map a ƙarƙashin sashen Keyboard Layout, wadda Windows ke karantawa tun yana tashi. Rubuta ta da hannu aiki ne na lambobi masu rikitarwa, shi ya sa ake amfani da SharpKeys, ƙaramar manhaja ta kyauta da ke rubuta maka. Ka zaɓi madanni a hagu, ka zaɓi abin da zai zama a dama, ka rubuta a rajista, ka sake kunna kwamfuta. Shi ke nan. Ko ka goge SharpKeys canjin yana nan. Yana aiki a ko'ina: a shafin shigar da kalmar sirri, a tagogin da ke gudana da izinin mai kula, a wasanni. Ba ya cin ƙwaƙwalwa, ba ya makara. Amma madanni ɗaya yake musanyawa da madanni ɗaya, ba ƙari. Ba zai mayar da F9 ya zama Ctrl da C ba, bai san wace manhaja ce a gaba ba, yana shafar duk wanda ke amfani da kwamfutar da duk kibod ɗin da aka jona, kuma sai da izinin mai kula. Ga mai son Caps Lock ya zama Ctrl har abada, ko mai son kashe Insert da ke cinye masa rubutu, ko wanda wani madanni ya mutu masa a laftof yana so ya ɗora aikinsa a kan wani da ba ya amfani da shi, ban san hanyar da ta fi wannan tsafta ba. Hattara ɗaya: kada ka taɓa harafin da ke cikin kalmar sirrinka. In hakan ta faru, kibod na kan allo da ke cikin maɓallin Accessibility a shafin shiga shi zai fitar da kai.

Ta biyu ita ce Keyboard Manager na PowerToys, tarin kayan aiki na Microsoft da aka fara tun zamanin Windows 95, aka farfaɗo da shi a 2019, sashen madannai kuma ya shigo a 2020. Wannan ita ce hanyar da zan nuna wa yawancin mutane. Komai da linzami ake yi, canji yana fara aiki nan take ba sai an sake kunnawa ba, kuma in bai yi maka ba ka goge layin. Yana iya mayar da madanni ɗaya ya zama haɗi, misali F8 ya zama Windows da Shift da S don ɗaukar hoton wani yanki na allo. Yana iya musanya haɗi da haɗi, har ya taƙaita musayar ga manhaja guda. Sababbin fitowarsa suna iya sa madanni ya fitar da rubutu, ko haɗi ya buɗe manhaja. Sai dai shi mai tare hanya ne, dole PowerToys ya kasance yana gudana. A shafin kalmar sirri babu shi. A tagar da aka buɗe da izinin mai kula ba zai yi tasiri ba sai shi ma an tashe shi da wannan izini, kuma wannan ne ke sa wasu su ɗauka abin yana aiki yau ya ƙi gobe. Windows da L, da Ctrl da Alt da Delete, Windows ya riƙe su, ba mai taɓa su. Akwai kuma wani gibi da ba a lura da shi sai an zo kansa: zaɓen manhaja guda yana cikin sashen haɗin madannai ne, ba cikin sashen madanni tilo ba.

Gibin nan ba ƙarami ba ne, ga misali. F1 yana maƙwabtaka da F2. Mai aiki a Excel yana kai yatsa F2 don ya gyara akwati, sai ya zame kan F1, shafin taimako ya buɗe a gefe, hankali ya rabu. Abin ya dami masu aikin lissafi har akwai waɗanda ke ɓalle madannin daga kibod. Da rajista ko PowerToys za ka iya kashe F1, amma ka kashe shi a ko'ina ke nan. Abin da ake so shi ne ya canza a Excel kaɗai. Nan hanya ta uku take shigowa, wato AutoHotkey, wadda Chris Mallett ya fara a 2003. Ita ba shafin zaɓi ba ce, harshe ne na rubuta umarni. Layi uku sun isa:

#HotIf WinActive("ahk_exe EXCEL.EXE")
F1::F2
#HotIf

Da wannan, in Excel ne a gaba, F1 ya zama F2, zamewar yatsa ta daina zama matsala. In ka fita, F1 ya koma yadda yake. Haka nan haruffa masu lanƙwasa. Layin >!k::SendText "ƙ" yana sa Alt na dama tare da k ya fitar da ƙ a Word, a burauza, a ko'ina, in dai an adana fayil ɗin da UTF-8, tsarin adana rubutu mai ɗaukar irin waɗannan haruffa. Alamomin ba su da yawa: ^ na nufin Ctrl, ! na nufin Alt, + Shift, # madannin Windows. Tana kuma iya faɗaɗa gajeren rubutu, ka buga haruffa uku ta zubo maka doguwar gaisuwar buɗe wasiƙa ko adireshin ofis. Tana iya jera ayyuka: kwafa, koma wata taga, liƙa, danna Tab, maimaita.

Ina son AutoHotkey ƙwarai, amma ba zan ɓoye kuɗin da ake biya ba, ko da yake kyauta ce. Na farko lokacin koyo. Na biyu rikicin siga: siga ta 2 ta fito a ƙarshen 2022 da tsarin rubutu daban da na siga ta 1, alhali intanet cike take da misalan da aka rubuta shekaru da dama da tsohon tsari. Sabon shiga zai kwafo misali, ya liƙa, ya ga saƙon kuskure, ya ɗauka laifinsa ne. Duk wanda zai fara yau ya fara da siga ta 2, ya kuma tabbatar misalin da yake kwafa nata ne. Na uku, ita ma sai tana gudana, don haka sai ka ajiye fayil ɗinka a babban fayil na shell:startup don ya tashi tare da Windows, kuma matsalar tagogin mai kula tana nan kamar ta PowerToys. Wasu wasannin intanet masu tsaron magudi ba sa maraba da ita. Abu na ƙarshe kuma shi ya fi muhimmanci: rubutun AutoHotkey manhaja ce cikakkiya, tana iya karanta abin da kake bugawa, tana iya goge fayil. Kada ka gudanar da wanda ba ka karanta ka fahimta ba.

Idan aka ajiye ukun gefe da gefe, ga yadda nake yanke hukunci. Canji ɗaya ko biyu na dindindin, madanni da madanni, rajista. Canje-canje kaɗan da kake so ka gwada ka gani, PowerToys. Duk abin da ke da sharaɗi a cikinsa, wato in kaza ne a gaba yi kaza, ko aiki mai matakai, AutoHotkey. Ana iya haɗa rajista da ɗaya daga cikin biyun, domin ita tana ƙasa da su, abin da ta riga ta canza shi suke gani. Haɗa PowerToys da AutoHotkey a kan madanni guda kuwa neman rigima ne, tunda dukansu a wuri ɗaya suke tare saƙo, kuma ba kullum za ka san wanda ya riga karɓa ba.

A Mac, musanya Caps Lock, Control, Option da Command yana cikin saitin Modifier Keys, kuma ana yi wa kowane kibod nasa daban, abin da ke da amfani sosai ga wanda ya jona kibod na Windows ya tarar Command da Option sun juya masa. Abin da ya wuce haka na Karabiner-Elements ne, manhajar kyauta ta Takayama Fumihiko. Tana ganin Fn, tana bambance kibod da kibod, tana iya sa Caps Lock ya zama Escape in an taɓa shi, Control in an riƙe. Za ta nemi izini masu nauyi daga macOS kafin ta fara, kuma dokokinta masu zurfi da JSON, wani tsarin rubuta saiti a fayil, ake rubuta su, ko da yake akwai tarin shiryayyu da ake ɗauka.

Linux kuwa magana ɗaya zan yi. Tsofaffin shawarwari na xmodmap da setxkbmap na X11 ne, tsohon tsarin nuna tagogi a Linux, a kan Wayland da ke maye gurbinsa ba sa riƙewa. Kayan da ke aiki a ƙasa da wannan rabuwa, irin su keyd da kanata, su suka fi dacewa yanzu. Wanda ya rubuta saitin keyd da ya kulle masa kibod, danna Backspace da Escape da Enter tare yana tsayar da shi.

Saura babban bututun, wato kibod ɗin kansa. Akwai kibod da ke gudana da QMK, manhajar ciki ta kyauta wadda Jack Humbert ya gina a kan wata da ta gabace ta mai suna TMK, akwai kuma ZMK da ta fi karkata ga marasa waya. Da yawa cikinsu, kamar wasu samfuran Keychron, suna aiki da VIA, inda za ka buɗe shafi a Chrome ko Edge, ka ga hoton kibod ɗinka, ka danna madanni ka ba shi sabon aiki. Canjin yana shiga ƙwaƙwalwar kibod. Ka zare shi ka jona a wata kwamfuta, Windows ce ko Mac ko Linux, tsarinka yana biye da kai, har a cikin BIOS. Ga wanda ke aiki da kwamfutar ofis da aka hana saka mata komai, ko mai yawo tsakanin kwamfutoci uku, babu hanyar da ta kama ƙafar wannan. Kuma a nan ne Fn ke zama naka da gaske: kai ke zaɓar inda zai zauna da abin da ke ƙarƙashinsa, har ka yi hawa biyu ko uku, ka sa kibiyoyi a ƙarƙashin yatsun dama ba sai hannu ya bar layin tsakiya ba.

Amma kibod makaho ne. Bai san Excel ne a gaba ko burauza ba. Kuma tunda lamba yake aikawa ba harafi ba, fitar da ƙ daga cikinsa sai da haɗin kan kwamfutar da aka jona shi, abin da ke rushe ribar ɗauka ka tafi. Ba zai taimaki kibod ɗin da ke jikin laftof ba, sannan sai an sayi sabon kaya. Manhajojin kamfanoni irin su Logi Options+, Razer Synapse da Corsair iCUE suna tsakiya: sauƙin amfani gare su, suna sanin manhajar da ke gaba, amma kayan kamfaninsu kaɗai suke yi wa aiki. Kafin ka saya ka bincika ko samfurin yana adana saiti a jikinsa, domin wanda ba ya yi, da ka kai shi wata kwamfuta ya manta komai.

Akwai dabarar da ke haɗa ƙarfin ɓangarorin biyu, kuma ita ce na fi ba masu aiki mai yawa shawara. Windows ya san madannan F har zuwa F24, gadon manyan kibod na tashoshin IBM masu jeri biyu na F. Kusan babu manhajar da ke amfani da F13 zuwa sama, don haka fili ne da ba mai shi. Sai ka sa kibod, ko rajista, ya mayar da wani madanni marar amfani kamar Scroll Lock ko Pause ya zama F13, sannan AutoHotkey ko manhajar da kake aiki da ita ta yanke abin da F13 zai yi a kowane wuri. Ba karo da kowa. F23 kawai za a yi hankali da shi: madannin Copilot da Microsoft ta sanar a Janairun 2024 ba sabuwar lamba yake aikawa ba, haɗin Shift na hagu ne da Windows da F23. Shi ya sa SharpKeys ba ta iya mayar da shi Ctrl na dama da ya ture a wasu laftof, tunda haɗi ne ba madanni tilo ba. Sai an bi ta sashen haɗi na PowerToys ko AutoHotkey.

Wajen zaɓen haɗin da za ka ƙirƙira ma akwai ramuka biyu a Windows. Ctrl da Alt tare daidai suke da AltGr, madannin da tsarin haruffa na Faransanci, Jamusanci da wasu harsuna ke amfani da shi wajen fitar da alamomi, don haka haɗinka na iya cinye wa mai irin wannan tsari harafi. Ctrl da Alt da Shift da Windows gaba ɗaya kuma Microsoft ta ware su ga Office, wanda ya kwaikwayi masu Mac ya tara huɗun a kan Caps Lock zai ga Office yana buɗewa ba a kira shi ba.

Su kuwa Ctrl da C, Ctrl da V, Ctrl da Z, Ctrl da S, Alt da Tab, shawarata a bar kaza cikin gashinta. Yatsunka ba a kwamfutarka kaɗai za su yi aiki ba. Ranar da ka zauna a ta abokin aiki, ko ya zauna a taka, duk wani canji da ka yi wa waɗannan zai zama tuntuɓe. Ƙari a wurin da ba kowa ya fi musanya abin da kowa ya sani. Idan kwamfutar ta iyali ce ko ta ofis da ake rabawa, wannan ma dalili ne na guje wa rajista, a zaɓi hanyar da ke bin asusun mutum ɗaya. In ta wurin aiki ce, a tambayi masu kula da ita kafin a saka manhajar da ke sauraron madannai, ko da tana iya shiga ba tare da izininsu ba. Suna da hujjar damuwa da irin wannan.

Kowace hanya ka bi, ka san inda saitinka yake kwance, ka ajiye kwafi. Na Word yana cikin Normal.dotm, na Karabiner yana cikin karabiner.json, na keyd yana ƙarƙashin /etc/keyd, PowerToys yana da wurin ajiya da maidowa a shafin General, VIA tana fitar da tsarinka a fayil guda, SharpKeys ma tana iya adana jerin canje-canjenta. A fayil ɗin AutoHotkey, duk abin da ya biyo bayan alamar ; bayani ne da ba a gudanarwa, sai ka rubuta a gefen kowane umarni abin da yake yi da dalilin da ya sa ka saka shi.